Jar Jitar Sodangi a Kasuwar Boɗinga

Akwai wani makaɗi ɗan Dingyaɗi ta ƙasar Boɗinga, ana ce masa Sodangi. Ba kalangu yake kaɗawa ba, ba kuma kotso ba. Jita yake bugawa, doguwar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri wadda makaɗan zamani ke kira bes. Ita ke ba kiɗa nauyi daga ƙasa. Kunne ba ya cika kula da ita, amma ƙirji yana jin ta.

Labarinsa na kawo muku yau, jama'a. Tun yanzu in faɗa muku, ba mai daɗi ba ne. Ni kaina duk sa'ad da na tuna shi sai jikina ya yi sanyi.

Gidan su Sodangi gidan kiɗan noma ne. Mahaifinsu shi ke buga ganga ranar gayya, samari na noma yana zuga su. Su biyu ya haifa maza. Babban, Mode, ya riƙe ganga ya riƙe gona. Mutum ne mai nauyin baki, irin waɗanda sai ka yi musu tambaya uku kafin ka sami amsa ɗaya.

Sodangi kuwa tun yana saurayi ƙauye ya ishe shi. Lokacin da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasa, sai ya tafi Sakkwato ya sami aikin ɗaukar kaya a wani otal mai makaɗa. Mai buga musu bes wani mutumin Gana ne. Da rana in an ba Sodangi jitar ya goge, sai ya ɗan saci taɓawa. Mutumin ya lura yaron yana da kunne, ya zauna ya koya masa. Abin ka da jinin kiɗa, cikin shekara biyu ya kama hannu.

Da aka buga gangar siyasa a 1979, wani Alhaji mai neman kujera ya kafa ƙungiyar makaɗa don yaƙin neman zaɓe, ya ɗauki Sodangi a ciki. Ya sayi janareta da manyan lasifika da motar ɗaukar kaya. Ya ce zai saya wa Sodangi jita, Sodangi ya ce a'a, ba zai riƙe ta wani ba. Ya tara abin da yake samu, ya hau mota har Legas, ya dawo da tasa ta kansa, ja wur, tana ƙyalli kamar an shafe ta da man gyaɗa.

Gaskiya ɗaya ce, Sodangi ya iya. Sun yi kiɗa a Kaduna, sun yi a Jos, sun yi a Kano. An taɓa nuna su a talabijin, mutanen Boɗinga suka taru a wani shago don su ga ɗansu. Can baya yake tsaye, rabin fuskarsa kawai ake gani, mai waƙa ya tare sauran. Amma rabin fuskar nan ya ishe shi yin shekara yana taƙama.

Ya yi aure, ya auri Safinatu 'yar Malam Aliyu na Mandera. Ya sayi babur, ya sayi baƙin tabarau da wando mai faɗin ƙafa. Daga nan kai ya fara girma.

Da mahaifinsu ya rasu, ya zo ya yi kwana uku, bai ko jira addu'ar bakwai ba. Dattawa suka tsare shi a zaure kan maganar gona da fadamar da tsohon ya bari. Ya yi dariya ya ɗaga yatsunsa ya nuna musu.

"Hannun ga ba na hauya ba ne. Gona a bar wa masu ciwon baya."

Mode na zaune a gefe yana jinsa.

Wanda ya fi muni shi ne abin da ya faru a garin Shagari, lokacin zaɓen 1983. An yi babban taro da rana tsaka, aka kafa dandamali, aka kuma gayyato makaɗan ƙauyuka su tari baƙi a bakin hanya. Mode yana cikinsu da gangarsa. Da ya hango ƙanensa, sai ya kutsa cikin jama'a ya zo gindin dandamali don su gaisa.

Ɗaya daga cikin abokan kiɗan Sodangi ya tambaye shi wane ne wannan. Sodangi bai ko cire tabarau ba. Ya ce wani makaɗin ƙauyensu ne. Sannan ya sa hannu a aljihu, ya zaro takardar kuɗi ya miƙo ta daga sama, yadda ake miƙa wa maroƙi.

Mode ya dubi kuɗin, ya dubi ƙanensa, ya gyara ratayar gangarsa ya juya. Mutanen Dingyaɗi da yawa suna wurin, kuma sun gani da idonsu. Tun daga ranar ba su sake haɗuwa ba.

To, kiɗa ya canza. Ranar ƙarshe ta shekarar nan soja suka karɓi mulki. Aka tafi da Alhajin, aka garƙame ɗakin ajiyarsa da janareta da lasifika da komai a ciki. Makaɗa suka watse, kowa ya kama gabansa. Jitar ce kawai ta tsira a hannun Sodangi, don tasa ce.

Waɗanda suka rayu a lokacin sun san abin da nake faɗa. Layin sabulu, layin madara, layin shinkafa. Wanda bai ci ya ƙoshi ba ina zai tuna da rawa? Otal-otal suka daina kiran makaɗa. Sodangi ya sayar da babur, ya sayar da talabijin, ya sayar da manyan riguna. Daminar 1984 kuma ta yi gardama, hatsi ya yi tsada. Da zaman Sakkwato ya gagara, ya kwaso Safinatu da 'ya'yansu uku ya dawo Boɗinga, wani tsohon abokinsa ya ba su aron ɗaki.

Ku lura, Boɗinga ya sauka. Dingyaɗi na nan kusa, amma ƙafarsa ta ƙi zuwa.

Bayan kwana kaɗan surukinsa Malam Aliyu ya zo daga Mandera. Ya ga jikokinsa sun rame, ya ga tukunya a kife da rana. Dattijo ne mai kawaici, bai yi faɗa ba. Ya kira Sodangi waje ya ce masa lokacin dashen albasa ya kusa. In ya sami fadama ya dasa, to, akwai abin sa rai, zai taimaka musu da hatsi har a cire. In kuwa dashe ya wuce ba shi da komai a ƙasa, zai zo ya tafi da 'yarsa da jikokinsa ya ciyar da su, sai ranar da Allah ya buɗa.

"Ba raba ku ni ka yi ba," in ji shi. "Amma ba ni zama ina kallon ɗiyata na kwana da yunwa."

Sodangi ya sunkuyar da kai. Babu abin da yake tsoro kamar a ce an kwashe masa iyali don ya kasa ciyar da su.

Kowa a wurin zai ce ya tafi gun wansa. Shi ma ya sani. Amma ya riga ya faɗa a gaban dattawa cewa ya bar gona, ga kuma abin da ya yi a Shagari. A ganinsa in ya je, Dingyaɗi gaba ɗaya za ta fito kallo. Sai ya yanke wata shawara. Ya ji cewa wani Alhaji Ɗantani a Boɗinga yana ba da hayar fadama. Zai sayar da jita, ya riƙe kuɗi a hannu, ya je ya kama wuri kamar kowane mai mutunci. Bai ko je ya tambayi Alhajin yadda ake yi ba, don ba ya so ya shiga gidan mutum hannu rabbana.

Ranar kasuwa ya goge jitar, ya naɗe ta cikin zane ya kai wa Garba dillali. Garba ya rataye ta a rumfarsa tsakanin tsofaffin rediyo da fitilun ƙwai da wani keke mara sarƙa.

Nan da nan mutane suka taru, don ba a taɓa ganin irinta a kasuwar ba. Garba ya buɗe baki ya shiga tallarsa. Ya ce wannan ce ta yi kiɗa a Kaduna da Jos, ita ce aka gani a talabijin, sayen nagari mai da kuɗi gida. Da ya ga ana saurare sai ya ƙara da Ingila, inda Sodangi ko a mafarki bai taɓa zuwa ba.

Wani mahauci ya ce a buga su ji.

Nan matsalar take. Irin wannan jita ba ta da murya sai an jona ta da lasifika, lasifika kuma sai da wuta. Sodangi ya ja tsirkiya, ta yi wani ɗan gunji can ƙasa-ƙasa wanda ko kukan tunkiyar da ke rumfar gaba ya fi shi ƙarfi. Mutane suka matso da kunne, suka dubi juna.

"Ashe kurma ce," in ji mahaucin. Aka fashe da dariya, aka watse.

Wani tsohon mai molo ya ɗauke ta ya jijjiga, ya ce ba ta da ciki, to ina murya za ta fito? Katako ne zalla. Ya ce molonsa na ƙwarya da fatar akuya ya fi ta baki. Sodangi ya yi ta bayanin wuta da waya da lasifika har maƙogwaronsa ya bushe. Tsohon ya ce abin da sai an ba shi wuta kafin ya yi magana, ai ba na talaka ba ne. Kuma in ka duba, bai yi ƙarya ba.

Haka kasuwa ta farko ta tashi. Sodangi ya naɗe abarsa ya koma gida.

A makon nan ne Shatu matar Mode ta zo Boɗinga, ta kawo wa Safinatu tiyar gero da kuka da daddawa. Ta ce mai gidanta ya ce a gaya wa Sodangi ya same shi a fadama, akwai magana. Iyakar saƙon ke nan. Ni dai a nan ina ganin laifin Mode shi ma. Da ya buɗe baki ya faɗi mece ce maganar, da wataƙila ba a kai inda aka kai ba. Amma kowa da halinsa, kuma shi ne aka wulaƙanta.

Da Safinatu ta isar da saƙon, Sodangi ya murtuke fuska. Ya ce ya san maganar, so ake ya je ya durƙusa a tara masa mutane a rama abin da ya yi. Geron dai an ci, don yunwa ba ta san fushi ba. Zuwa ne bai yi ba.

Kasuwa ta biyu ta zo ta wuce, ta uku ma haka. Wani malamin makaranta ya taya, ya ce zai dawo in an biya albashi. Albashin bai zo ba, shi ma bai dawo ba. Wani kafinta ya ce katakon yana da kyau, zai iya fitar da allon karatu biyu a ciki. Sodangi ya fizge jitarsa.

Kullum haka. Ya ɗauko da safe, ya zauna a gefen rumfar Garba yana kallon ƙafafun mutane, ya mayar da yamma. Garba ma ya gaji da tallar, ya daina ambaton Ingila, ya daina ambaton Kaduna. Daga baya in an tambaya sai ya nuna Sodangi da haɓa ya ce ga mai ita nan. Waɗanda a da suka taru kallon rabin fuskarsa a talabijin, yanzu ga fuskar gaba ɗaya a kasuwa, ba mai tsayawa.

A hanya kuma yana ganin mutane da kwanduna cike da irin albasa, suna nufar fadama. Dashe ya kankama.

Shatu ta sake dawowa da saƙo iri ɗaya, ta ƙara da cewa Mode ya ce kwana na tafiya. Safinatu ta jira mijinta ya ci ɗan abin da ya samu, sannan ta fara magana a hankali.

"Don Allah ka tai ka ji mi za shi cewa. Wanka ne hwa. Ko zaginka ya yi, ai ba baƙo ne ya zage ka ba."

Ya ce kada ta sake kawo masa maganar Dingyaɗi a ɗakin nan. Ta gaji, shi ma ya gaji, yaran ma sun daina tambayar yaushe za a koma Sakkwato.

Sai a kasuwa ta bakwai Garba ya ce masa gaskiya. Ya ce a Boɗinga ba mai sayen wannan abu ko za a shekara. Amma akwai wani mai gyaran rediyo a Shagari, Maniru, yana sayen duk abin da ke da waya a ciki. Ya gwada can.

Ranar kasuwar Shagari Sodangi ya hau bayan a-kori-kura da jitar a tsakanin gwiwoyinsa, buhunan gawayi na gogar ta. Motar ta bi ta gefen filin da aka yi taron bara. Awaki ne ke kiwo a wurin.

Maniru matashi ne mai fara'a, rumfarsa cike da gawarwakin rediyo. Ya juya jitar gaba da baya, ya ce sai ya tabbatar cikinta na aiki. Ya jawo batirin mota, ya haɗa wasu wayoyi da wata tsohuwar lasifikar masu tallan magani, ya soka a jikin jitar. Ya ce bismilla.

Sodangi ya rataya ta. Wata goma sha ɗaya rabonsa da jin muryarta. Ya ja tsirkiyar farko, sai kwanukan da ke kan teburin Maniru suka ɗauki rawa. Ya rufe ido ya shiga bugawa a hankali. Bai buga na otal ba, bai buga na siyasa ba. Abin da yatsunsa suka kama shi ne taken gayya da mahaifinsa ke yi da ganga. Masu awon hatsi suka dakata da mudu a hannu. Wata tsohuwa mai sayar da nono ta ajiye ƙwaryarta tana gyaɗa kai. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Da ya tsaya, Maniru ya ce lallai hannu ya iya. Sannan ya faɗa masa gaskiya, shi ba kiɗa zai yi da ita ba. Wayar tagulla da maganaɗisun da ke ciki yake so, don kayan gyara sun daina shigowa ƙasa. Tsirkiyoyin kuma masu gyaran keke za su saya su yi wayar birki. Ya faɗi abin da zai bayar. Kuɗin ba su kai na tunkiya mai kyau ba.

Sodangi ya dubi jitar. Ya tuna fuskar Malam Aliyu, ya tuna kwandunan iri da yake gani a hanya. Ya ce ya sallama.

Bai bar rumfar ba Maniru ya kwantar da ita a cinya ya fara kwance ƙusoshi. Sodangi ya juya da sauri, bai waiwaya ba.

Washegari da safe ya sa rigarsa mai dama-dama ya tafi gidan Alhaji Ɗantani. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi buƙatarsa, ya nuna cewa da kuɗinsa ya zo. Alhajin ya tambaye shi ɗan wane ne. Da ya ji sunan mahaifinsa sai ya gyara zama ya tambaya ina Mode.

Sodangi ya ce ai shi ke nema, ba Mode ba.

Alhajin ya girgiza kai. Ya ce a ƙasar nan ba a ba ƙane hayar gona a bayan idon wansa, balle ɗan gidan da ke da gandu. In aka yi haka an shiga tsakanin 'yan'uwa, kuma gobe in rigimar iyaka ko ta ruwa ta tashi, wa zai tsaya masa? Shi bai taɓa yi ba, ubansa ma bai yi ba.

"Tai ka zo da wanka shi zauna nan, in ji daga bakinai. In ya yarda, ko yau sai in nuna maka wuri."

Kun ji fa. Mako bakwai yana kewaye-kewaye don kada ya bi ta ƙofar Mode, ashe duk inda ya bi nan hanyar za ta ɓulle. Da ya tambaya tun ranar farko, da an gaya masa kyauta.

Ya fito ya tsaya a bakin titi. Ba jita, ba fadama. Daga nan bai koma gida ba, ya kama hanyar Dingyaɗi da ƙafa.

Ba wanda ya fito kallonsa. Kowa na fama da abin da ya dame shi. Wasu tsofaffi a gindin bishiya suka amsa sallamarsa, ɗaya ya ce a'a, Sodangi ne, sannu da zuwa, wanka na fadama. Shi ke nan. Taron da ya kwashe watanni yana jin tsoro, a kansa kawai yake.

Ya sami Mode a bakin rijiya yana jan jigo, yana juye ruwa a magudana. Ya rame, bayansa ya ɗan ranƙwafa. Sodangi ya cire takalmi ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Yaya, na zo. Ka yahe mani."

Mode ya ƙarasa juye gugan da ke hannunsa. Ya ce ya tashi, ƙasa da sanyi. Bai ambaci Shagari ba, bai ambaci komai ba. Ya ce ya biyo shi.

Suka wuce albasar Mode, wadda ta riga ta kama ta yi kore shar. Gaba da ita akwai wani fili, an share shi, an tayar da fangali goma sha biyu na dashe, an watsa taki, amma ba a dasa komai ba. A gefe ga wani ɗan wurin renon iri, irin ya yi tsawo ya cunkushe yana kwanciya a kan juna.

Sodangi ya tambaya na wane ne.

"Naka ne. Rabonka na Baba."

Sodangi ya ce ai shi ya faɗa a gaban dattawa cewa ya bari. Mode ya ce maganar ƙuruciya ba ta cin gado, ba wanda ya rubuta, ba wanda ya karɓa. Tun ranar da ya ji sun sauka Boɗinga ya zuba iri kashi biyu, nasa da na ƙanensa. Nasa ya dasa da lokaci ya yi. Na Sodangi kuwa ba shi da hannun da zai dasa ya kuma yi ban ruwan gona biyu shi kaɗai da jigo ɗaya. Abin da ya iya shi ne ya hana irin mutuwa. Safe da yamma yake ba shi ruwa, yana duban hanya.

Ya tsuguna ya tumɓuke guda ɗaya ya miƙa masa. Gindin ya riga ya ƙulla ɗan kai, wuyan ya yi kauri.

"Ka gani? Ya tsuhwa. Wanga in an dasa, hure za shi yi, ba shi yin kai. Da ka zo ran da na hwara aikawa, da dut sun kama."

Sodangi ya riƙe irin a hannu. Hawaye suka zubo masa, bai ko share ba.

Suka zauna su biyu suna tsince waɗanda ba su wuce ba. Abin da suka samu ya cika fangali uku. Sauran tara suka zauna haka nan. An nemi iri a maƙwabta, kowa ya riga ya dasa nasa. Alhaji Ɗantani ma ba a koma wurinsa ba, don ba fili ne ya yi ƙaranci ba, lokaci ne ya wuce.

Malam Aliyu ya zo bayan kwana huɗu. Sodangi ya kai shi fadama da kansa. Dattijon ya dubi fangali ukun, ya dubi tara da ke fayau. Shi ma manomi ne, ba sai an yi masa lissafi ba. Ya ce wannan ba zai riƙe mutum biyar ba. Safinatu da yara za su zauna Mandera har damina ta faɗi a ga abin da Allah zai yi.

Sodangi bai yi musu ba. Shi ya ɗauki ƙullin kayansu a ka har bakin titi, shi ya ɗora yaran a mota ɗaya bayan ɗaya. Safinatu ba ta ce masa ai na gaya maka ba. Ta ce ya riƙa cin abinci, ya kuma gai da Yaya.

Da motar ta tashi ya koma fadama. Ya tarar da Mode ya dafe ƙugu yana hutawa a bakin rijiya. Ya karɓi jigon daga hannunsa. Kafin la'asar tafukansa sun yi bororo sun fashe, bai saki ba. Ranar ce ta farko cikin shekaru da Mode ya zauna a inuwa wani na ja masa ruwa.

Wata takwas iyalinsa suka yi a Mandera. Ƙaramar 'yarsa a can ta fara tafiya, a can ta fara magana. Ranar da ya je ɗauko su, ya miƙa mata hannu, ta ruga ta ɓuya a bayan kakanta tana kuka, don ba ta san shi ba.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, kuma ba mai shi kaɗai ke biyan kuɗinsa ba, har da matarsa da 'ya'yansa. In ka san ka ɓata wa naka rai, je ka durƙusa tun yau, kada ka tsaya neman hanyar kewaye. Sau da yawa wanda kake jin kunyar fuskanta ya daɗe da yafe maka, zuwanka kawai yake jira, amma lokaci ba ya jiran kowa. Kai kuma da aka ɓata wa, in ka yafe, buɗe baki ka faɗa a sarari. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ya kamata ya kama hanyar gida kafin dashensa ya wuce.